Amsar Wasiƙa Daga Hotoro: Hoton Sabon Ɗan Wasa, Jari Ne Ko Sha'awa?

 Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga unguwar Hotoro a birnin Kano, daga wani mai sauraronmu ɗan tireda, wanda ya ce shi magoyin bayan ƙungiyar Kano Pillars ne na gani-kashe-ni. Ya ce ya daɗe yana tara hotunan 'yan wasan ƙungiyar, na kalanda da na jarida da waɗanda ake wankowa a shagon hoto, musamman ma na sababbin yaran da ake ɗauka a farkon kowace kakar wasa. Ana nan sai wani abokinsa na Gyaɗi-Gyaɗi ya ce masa ai a Amurka ana sayar da irin waɗannan hotuna miliyoyin daloli, wani kuma na Tarauni ya ce wannan tatsuniya ce. Gardama ta ƙi ƙarewa, shi ne ya ce mu raba musu. Kana ya ƙara da tambaya, wai in maganar gaskiya ce, ko ya dace ya ɗibi wani abu daga jarin tiredarsa ya zuba a wannan harka, tun yaran ba su yi suna ba?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Abokinka na Gyaɗi-Gyaɗi ya faɗi gaskiya, amma fa rabin labarin ya ba ka. Sauran rabin kuwa shi ne zai tsare maka jarinka, saboda haka ka gyara zama, tare da duk wani manomi ko ɗan kasuwa da ke saurarenmu, domin darasin da ke ciki ya wuce maganar ƙwallo.

Bari mu fara da can Amurkar. Suna da wani wasa da suke kira besbol. Ana yin sa ne da 'yar ƙaramar ƙwallo mai tauri da kuma kulki, wani ya jefo, wani ya make ta ya ruga da gudu, mutum tara-tara a kowane ɓangare. Babbar gasarsu tana da ƙungiyoyi 30. Tun kafin shekarar 1900 kamfanonin taba suka fara cusa 'yan ƙananan katuna masu hoton 'yan wasa a cikin kwalin sigari don su jawo masu saye, daga baya kamfanonin cingam suka karɓi abin. Yara su saya, su tauna cingam, su ajiye kati, su yi musaya da juna. Daga nan ne abin ya zama kasuwa. A cikin watan Agusta na 2022 an yi gwanjon katin wani ɗan wasa mai suna Mickey Mantle, wanda kamfanin Topps ya buga a 1952, aka saye shi dala miliyan 12 da dubu 600. A wannan watan dai aka sayar da na wani mai suna Honus Wagner, wanda wani kamfanin taba ya fitar wajen 1909, a kan dala miliyan 7 da dubu 250. To ka ji, sai ka gaya wa mutumin Tarauni ya sauko.

Yanzu kuma ga inda maganarka ta sababbin yara ta shigo. Su can, ƙungiya ba ta tashi kawai ta je ta ɗauko yaron da ta ga dama a cikin ƙasa. Tun daga 1965 suka kafa wani tsari na zaɓe. Sau ɗaya a shekara akan jera sunayen samarin da suka gama sakandare ko suke jami'a, ƙungiyoyi su riƙa zaɓa bi da bi, kamar yadda ake ɗaukar kashi a watanda. Waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su aka fi ba damar farko, don kada masu ƙarfi su kwashe komi. Tun daga 2021 zagaye 20 ake yi, watau samari wajen 600 ke nan a shekara. Da an gama zaɓe sai kamfani ya buga katunan fitattun cikinsu. Mai tara kati kuma, musamman in ƙungiyarsa ce ta ɗauki yaron, sai ya yi maza ya saya tun yana da araha, da fatan wata rana yaron zai zama gwarzo, kati ya yi daraja. Ka ga ke nan abin da kake tunani a Hotoro, akwai masu yinsa a can.

To amma ya ake ƙarewa? Ga labarin mutum uku, ka auna da kanka.

Na farko Mike Trout. A zaɓen 2009 sai da aka ɗauki mutum 24 kafin a zo kansa. Ya zama gwarzon gasarsu har sau uku, a 2014 da 2016 da 2019. Wani katinsa na shekarar da aka zaɓe shi, wanda guda ɗaya tak aka buga irinsa kuma ya sa masa hannu, an sayar da shi kusan dala miliyan 4 a 2020. Irin wannan labari shi ake bazawa a majalisa.

Na biyu Brien Taylor. Shi ne na ɗaya a duk ƙasar a zaɓen 1991. Ƙungiyar Yankees ta birnin New York ta ba shi fiye da dala miliyan ɗaya da rabi don ya sa hannu kawai, abin da ba a taɓa ba wani sabon yaro ba a lokacin. Mutane suka yi ta rububin katinsa. A ƙarshen 1993 sai ya shiga wani faɗa don ya tare wa ɗan'uwansa, ya ji ciwo a kafaɗar da yake jifa da ita. Shi ke nan. Har ya bar wasa bai taɓa buga ko wasa ɗaya a babbar gasa ba.

Na uku Mike Piazza. A zaɓen 1988 sai da aka ɗauki mutum 1,389 kafin a waiwaye shi, shi ma don kocin ƙungiyar abokin mahaifinsa ne. Ba wanda ya kula da shi. Amma a 2016 aka shigar da sunansa cikin jerin gwarazan wasan na tarihi.

Ka lura da kyau, Malam. Waɗanda suka yi wannan zaɓe ƙwararru ne, aikinsu ke nan, ana biyansu albashi su yi ta yawo suna kallon yara, ga likitoci, ga lissafi. Duk da haka suka saka Taylor a gaba, suka bar Piazza a can ƙurya. Mafi yawan samarin da ake zaɓa ma ba sa kaiwa babbar gasar ko kaɗan, a ƙananan ƙungiyoyi suke ƙarewa. To in masu abin suna kuskure haka, ina ga mai sayen kati?

Daɗin daɗawa, ko yaro ya yi suna, ba kowane katinsa ke yin kuɗi ba. Abu uku ke sa kati tsada. Na farko ƙaranci. Katin Wagner da muka ambata, shi da kansa ya hana a ci gaba da buga shi, shi ya sa waɗanda aka sani a duniya ba su kai 100 ba. Na biyu lafiyar katin. Akwai kamfanonin da aikinsu shi ne su duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10, ɗan lanƙwasa kaɗan a kusurwa sai ya zubar da farashi. Na uku kuwa, wanda ya fi duka, shi ne mai saye. Kai ɗan kasuwa ne, ka san kaya ba su da farashi sai wanda mai saye ya taya. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, da kamfanoni suka ga jama'a sun mayar da kati jari, sai suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa. Kowa ya saya ya ɓoye a akwati. Da aka zo sayarwa, kowa na da irin na kowa. Yawancin katunan wancan zamani ba su tsinana wa masu su komi ba. Duk manomin da ya taɓa kai tumatir kasuwa ranar da kowa ya kawo nasa, ya san wannan karatu.

To mu dawo gida. Mu a nan babu wancan tsari na zaɓe bi da bi. Ƙungiya irin Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, tana samun sababbin 'yan wasa ne daga ƙaramar ƙungiyarta, da ƙungiyoyin unguwanni, da makarantun koyon ƙwallo, da kuma saye ko aro daga wasu ƙungiyoyi. Babu kuma kamfanin da ya shahara da buga katunan 'yan gasarmu masu lamba da ƙayyadadden adadi. Abin da ya fi kusa da wannan a ƙwallon ƙafa shi ne hotunan liƙawa na kamfanin Panini na ƙasar Italiya, wanda tun 1970 yake fitar da su a kowace gasar cin kofin duniya, kuma 'yan Nijeriya sun fara shiga ciki ne a 1994, lokacin su marigayi Rashidi Yekini. Shi kuwa hoton kalanda ko na shagon hoto, in ka nemi dubu gobe da safe za a wanko maka. Abin da ake iya ƙara bugawa duk sa'ad da aka so, ba ya tsada, kome sunan wanda ke jikinsa.

Mun san abin da za ka ce. Za ka ce, to Ahmed Musa fa? Lalle kam ba sai an gaya wa mutumin Hotoro ko wane ne shi ba, tunda a nan unguwarku ya buɗe cibiyarsa ta wasanni a 2017. Yaro ne ɗan shekara 17 da ya zo daga Jos, ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, abin da ba wanda ya taɓa yi a gasar kafin shi. Daga nan ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan, sai CSKA ta Mosko a 2012, sai Leicester ta Ingila a 2016, sai Al-Nassr ta Saudiyya a 2018. Ya ci Ajantina biyu a gasar kofin duniya ta 2014, ya ci Aislan biyu a ta 2018. Ya dawo Pillars a 2021, ya sake dawowa a 2024, kana a 2025 aka naɗa shi janar manajan ƙungiyar. Wanda ya ajiye hotonsa tun yana sabon zuwa, lalle yana da abin nuna wa jikoki. Amma ka tambayi kanka, yara nawa Pillars ta ɗauka tun daga wancan lokaci zuwa yau? Guda nawa ne suka taka inda ya taka? Sauran fa, sunayen nawa za ka iya kawowa ba tare da ka duba akwatinka ba?

Ko kuma ka dubi 'yan ƙasa da shekara 17. Nijeriya ta ci kofin duniya na wannan rukuni sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015. A 2007 Macauley Chrisantus ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, har guda 7, Hamburg ta Jamus ta ɗauke shi, amma bai zama tauraron da aka zata ba. A cikin tawagar nan akwai ɗan Kano, Rabi'u Ibrahim, wanda aka yi ta kwatanta shi da Okocha. Ya yi wasansa a Turai shekaru da dama, ya ci abincinsa, amma kwatancen ya yi masa nauyi. A 2015 kuma Kelechi Nwakali aka zaɓa gwarzon gasa, Arsenal ta saye shi, ya bar ta a 2019 bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. Shi kuwa abokin wasansa Victor Osimhen, da ya je Wolfsburg ta Jamus ko ƙwallo ɗaya bai ci ba, har aka fara cewa ya ƙare. Aka ba da shi aro a Beljiyam, sai ga shi a 2023 ya ci gasar lig ta Italiya da Napoli, ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka. Da wanda aka yaba da wuri da wanda aka raina da wuri, duk an yi gaggawa. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to a harkar ƙwallo Alhamis ma takan juya.

Wani zai ce, ai kowace sana'a haka take, wanda ya sayi ɗan rago a kara ko ya ɓoye hatsi da kaka, shi ma fata yake yi. Haka ne, amma akwai bambanci babba. In ka sayi ɗan maraƙi a kasuwar Wudil ran Juma'a, kai ne za ka ba shi dusa da harawa, ƙibarsa na hannunka. In ka sayi gero a Dawanau ka ajiye, farashi ya faɗi, sai ka kai gida a yi tuwo. In rago bai yi kuɗi ba, ka yanka a ci nama. Shi kuwa hoton ɗan wasa, ba ka da iko a kan gwiwar yaron, ko kocinsa, ko wakilinsa, ko halinsa in ya ga kuɗi. In kuma abin ya ƙi, takarda ce a hannunka, ba a cin ta, ba a shuka ta. Saboda haka amsarmu a fili take: kada ka taɓa uwar kuɗinka. Kuɗin tireda na tireda ne, kuɗin taki na taki ne. Wannan gargaɗi ya haɗa har da masu tallar katuna ta wayar salula, waɗanda za su ce ka turo kuɗi su ajiye maka kati a wata ƙasa. Abin da ba ka gani ba, ba ka riƙe ba, ba ka san wa zai saya a hannunka ba, ka bar shi inda ka gan shi.

To shin ka daina tarawa ke nan? A'a, ko kusa. Ci gaba da abinka da ɗan canjin da ba zai dame ka ba, domin akwai wata riba a ciki wadda ba ta kuɗi ba. Mu a nan muna da sakaci wajen ajiye tarihi. Pillars ta ci gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, ta ci kofin ƙalubale a 2019, ta faɗa ƙaramin rukuni a 2022, ta dawo a 2023. Amma je ka majalisa ka ce a lissafo maka mutum 11 da suka buga a 2008, ka ga yadda za a yi ta musu. Mutum irinka, mai akwatin hotuna, shi ne zai raba gardama. Dubi Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele. A gida ya yi rayuwarsa ta ƙwallo, ba wani attajirin Turai da zai taya hotonsa, amma a wurin mai cewa Sai Masu Gida, hoton nan ya fi na Mickey Mantle daraja.

In za ka yi, to yi shi da tsari. Kowane hoto ka rubuta a bayansa da fensir: sunan yaro, garinsu, ƙungiyar da ya baro, shekarar da ya zo, da wurin da yake bugawa a fili. Biro yakan huda ya ɓata fuska. Kada ka liƙa a bango da gam, kada ka bar shi inda rana ke duka, domin takan cinye launi. Sa su a leda cikin akwatin ƙarfe, ka ɗora a kan wani abu saboda danshin damina da gara. In ka sami hali ka je filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, ko wurin atisaye, yaron ya sa maka hannu tare da kwanan wata, to wannan hoto ya fita daga sahun na kowa. Tikitin shiga wasa ma abin ajiyewa ne, don ba a sake buga na ranar da ta wuce.

Sa'an nan ka sami ɗan littafi, ka riƙa auna yaran kamar yadda manomi ke auna sabon iri. Ba wanda ke yabon iri don ya tsiro da kyau a makon farko, sai an ga yadda ya jure fari, an kuma ga abin da ya zuba a buhu, damina biyu ko uku. Haka ɗan wasa. Ka duba wasa nawa aka fara da shi, wannan ya fi yawan ƙwallon da ya ci a wasan sada zumunci. Ka duba yadda yake a waje, a Aba ko Fatakwal, inda babu mai yi masa tafi. Ka duba yadda ya dawo bayan ya ji ciwo. Ka duba kakarsa ta biyu, lokacin da masu tsaron baya suka riga suka gane dabararsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kafin mu rufe, ga wata magana ga iyaye, musamman na karkara, domin in mai tara hoto takarda ya saya, ku 'ya'yanku ne a cikin hoton. Dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, watau FIFA, ta hana a sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Ahmed Musa kansa sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya fara buga wa ƙungiyarsa ta Holan. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce ku sayar da gona ko shanu zai kai ɗanku ɗan shekara 15 Turai, ku yi hattara da shi. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke kashe kuɗi a kansa. Bugu da ƙari, dokar ta ce in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Ke nan ƙaramar ƙungiyar unguwa ko ta ƙauye tana da haƙƙi, amma sai in ta yi rajista, ta kuma rubuta sunan yaron a hukumance. Ka ga a nan ma rubutu da ajiya su ne ke kawo riba. Kuma kada a cire yaro daga makaranta ko sana'a saboda ƙwallo, tunda kun ji yadda kafaɗa ɗaya ta rushe dala miliyan ɗaya da rabi a dare ɗaya.

To Malam na Hotoro, da fatan kai da abokanka na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni kun gamsu. Ka bar jarinka a kan tebur yana juyawa, ka ci gaba da tara hotunanka don so da tarihi. Sauran masu sauraro kuma, duk mai tambaya a kan noma, ko kasuwa, ko wasanni, ya rubuto mana, kuma a daure a riƙa rubutu da kyau yadda zai karantu.